Kujerar Tsakar Gida: Wajibin Mai Gida Ne Ko Na Ɗan Haya?

A cikin watan jiya ne yayana, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati bayan shekara 35, ya kira ni in je in ga gidan hayar da ya gina da kuɗin sallamarsa a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Kano. Sassa huɗu ne, kowanne ɗaki biyu da falo, tsakar gida ɗaya, ƙofar shiga ɗaya. Bayan mun zagaya ko'ina, sai ya tsaya a tsakiyar filin ya ce da ni: "Dakta, shawara nake nema. Dillalin nan ya dame ni, wai in sayo kujeru da tebur da ƙatuwar laima in ajiye a nan, wai haka ake yi a Abuja, kuma gidan zai fi saurin samun masu shiga. Kai da ka daɗe kana haya, me ka gani?" Na ce, "Yaya, ba ni kwana biyu in yi tunani." Ya yi dariya, ya ce shi ya sa ba ya son tambayar 'yan boko, abin da za a amsa a tsaye sai sun mai da shi bincike.

Mai karatu zai iya cewa ƙasar da mutane ke fama da tsadar abinci da ta haya, ina ruwanta da maganar kujera a tsakar gida. Ni ma haka na fara ɗauka. Amma da na zauna na yi nazari, sai na ga cewa a ƙarƙashin wannan 'yar tambaya akwai wata babba, wato: idan mutum ya biya kuɗin haya, me ya saya? Bango huɗu da rufi kawai, ko kuwa wurin da zai iya rayuwa irin ta mutanen ƙasarsa? Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja a nan, shi ne bai kamata a ɗora wa mai gida sayen kujerun da ake ɗagawa ba, amma wajibi ne a kansa ya bar wa 'yan haya fili da inuwa da wurin zama na dindindin. A wannan na biyun ne masu gidajen hayarmu suka fi gazawa, kuma a kansa ne ba mai cewa uffan.

Bari mu fara duba inda dillalin yayana ya kwaso dabararsa. A ƙasashen Turai an raba gidajen haya gida biyu, akwai wanda ake bayarwa wayam, akwai wanda ake bayarwa da kayan ɗaki, kuma kowanne da kuɗinsa da dokarsa. A Faransa, alal misali, tun shekarar 2015 akwai dokar da ta jera abubuwa 11 da dole mai gida ya tanada kafin ya ce gidansa na haya ne da kaya, daga shimfiɗa da abin rufe taga a ɗakin kwana, zuwa murhu da firji da kwanuka da tebur da kujeru da fitilu da kayan shara. Duk da wannan ƙididdiga, kujerar lambu ba ta cikin jerin. A Ingila kuwa, tun watan Afrilun 2007 doka ta tilasta wa mai gida ya kai kuɗin ajiyar da ya karɓa daga ɗan haya ga wani tsari da gwamnati ta amince da shi, sannan a shekarar 2019 aka ƙayyade cewa ga mafi yawan gidaje kuɗin ba zai wuce hayar mako biyar ba. Saboda haka idan kujera ta karye, akwai takardar da aka lissafa kayan a cikinta ranar shiga, akwai kuɗin da za a cira, akwai kuma mai raba gardama. Mu nan ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da muke da shi shi ne dillali, da rasit, da mai unguwa idan rigima ta ɓarke. Ɗauko kujerar ba tare da tsarin da ke tsaron ta ba, zanen aro ne, wanda Hausawa suka ce ba ya rufe katara.

Da yake harshe ne fannin karatuna, nakan fara neman amsar al'amuran al'umma a cikin kalmominta. Kalmar haya baƙuwa ce a Hausa, daga Ingilishi muka aro ta, kamar yadda muka aro benci da tebur da baranda. Amma zaure da soro da dakali da rumfa da tsakar gida da dandali sun daɗe a bakinmu, kuma idan mai karatu ya lura zai ga dukkansu sunaye ne na wuraren da ake zama a wajen ɗakin kwana. Al'ummar da ta tara wa abu sunaye haka, to abin yana da muhimmanci a rayuwarta. Bahaushe na asali ba ya yini a ɗaki. A zaure yake karɓar baƙo, a dakali yake shan iska bayan La'asar, a tsakar gida mata suke girki da wanki da daka da kitso da renon yara, a nan kuma ake baje tabarmi a kwana idan zafi ya yi zafi. Ɗaki wurin kwana ne da ajiyar kaya.

Wani abin lura kuma shi ne kalmar maigida. A Hausa ba mu da wata kalma ta musamman ga mutumin da ke karɓar kuɗin haya, sai dai mu ce mai gida, kusan daidai da yadda muke kiran uban iyali. Wannan yana da tarihi. A zangunan fatake, irin su Kumasi da Sabo ta Ibadan, maigida shi ne wanda ke saukar da baƙin 'yan kasuwa, ya ba su makwanci da abinci, ya ajiye musu dukiya, ya tsaya musu wajen ciniki, sannan ya samu nasa daga la'ada. Masanin nan Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na shekarar 1969 a kan Hausawan Sabo. Ke nan mun gaji sunan mai masauki, amma muka ɗora shi a kan mai karɓar kuɗi a farkon shekara. Shi ya sa ɗan haya ke tsammanin kara da alfarma irin na mai masauki, shi kuwa mai gida yana kallon gininsa a matsayin jari. Dukkansu suna da gaskiya, kuma rabin rigingimun haya daga wannan saɓanin fahimta suke tasowa.

To, me ya sa na ce kada a ɗora wa mai gida sayen kujeru? Dalili na farko shi ne yanayinmu. Kujerar roba idan ta sha ranar bazara sau biyu sai ta yi fari ta bushe, ranar da wani mai jiki ya zauna ta tarwatse da shi. Ta katako ga gara ga ruwan damina, ta ƙarfe ga tsatsa, ta kushin kuma ƙurar hunturu kaɗai ta ishe ta. Laimar da dillali ke magana, hadarin farko na watan Yuni zai kai ta gidan maƙwabta. Abin da sai an shigar da shi ɗaki an fitar kullum, mai shi ne kawai zai yi masa wannan hidima, kuma mai gidan haya ba ya kwana a gidan.

Dalili na biyu na shari'a ne. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa abin da aka ba mutum haya amana ce a hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Idan haka ne, kujerar da rana ta cinye asarar mai gida ce. Wa zai tabbatar cewa sakaci ne ya karya ta, a gidan da iyali huɗu ke zaune, kowa da 'ya'yansa da baƙinsa? Bugu da ƙari, a mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, ba a tilasta wa mai gida yin gyara, sai dai a ba ɗan haya zaɓin fita idan lalacewar ta cutar da shi. Wanda ba a tilasta masa gyara ba, da wace hujja za a tilasta masa sayen tebur?

Dalili na uku shi ne, babu mai gidan da zai sayi kaya daga aljihunsa ya yafe. Kuɗin kujerar zai koma kan haya, kuma ba sau ɗaya ba, kowace shekara. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda farashin siminti da kwano da rodi ya tashi, hayar gidaje ta bi bayansa. Ma'aikacin da ke cin bashi domin ya haɗa kuɗin shekara, ba taimakonsa aka yi ba idan aka ƙara masa nauyin laimar da bai roƙa ba. Tabarmarsa ta ishe shi, in ya samu hali ya je wurin kafinta a ƙera masa benci daidai da son ransa, ranar tashi ya ɗora a mota.

Dalili na huɗu kuwa duk wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san shi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kujera huɗu a gidan mutum ashirin fitina ce da aka sayo da kuɗi. Yau wata ta ja biyu zuwa ƙofar ɗakinta, gobe wani ya ba da aro gidan suna ba a dawo da su ba, jibi a ce ɗan wance ne ya karya. Na ga maƙwabtan da suka shekara ba sa gaisawa a kan igiyar shanya, balle abin da ya fi ta daraja.

Yanzu sai mu juyo ga abin da ke kan mai gida. Na taɓa zama a wani gidan haya wanda a lokacin da na shiga akwai dakali dogo a ƙofarsa da tsohuwar darbejiya a gefe. A nan dattawan layin ke zama, a nan nake karɓar ɗalibai da 'yan uwa daga ƙauye waɗanda ba zai yiwu in shigar da su cikin iyali ba. A shekara ta uku mai gidan ya aiko magina, aka sare bishiyar, aka rushe dakalin, aka fitar da shaguna biyu, sannan aka ci rabin tsakar gida da wani ƙarin ɗaki. Ba a rage mana ko sisi a kuɗin haya ba, domin a lissafinsa bai taɓa ɗakunanmu ba. Bayan 'yan watanni Allah Ya yi wa mahaifiyar wani maƙwabcina rasuwa. Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a kan titi, a ƙarƙashin rumfar haya, masu babura suna ratsa mu, wani direba har da zagi. Mata kuwa a ciki sun cunkushe a wani lungu da ko tabarma biyu ba ya ɗauka. A ranar na fahimci cewa abin da aka ƙwace mana yana cikin abin da muka biya, ko da yake babu takardar da ta ambace shi.

Wannan ya zama ruwan dare. Je ka sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Zariya, musamman wuraren da ake kira awon igiya, za ka ga an cika fuloti da gini daga katanga zuwa katanga, ba a bar komai ba sai siririn lungu da mutum biyu ba sa iya giftawa. Inda aka bar fili kuma, sai a malale shi da siminti, wanda ke shan rana da yini ya riƙa huci da dare. Alhali mu mutanen ƙasar zafi ne. A Kano ma'aunin zafi kan kai 40 a watan Afrilu, kuma a Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga 48.5, abin da ke nuna inda yankinmu na Sahel ya dosa. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layuka. Wanda ke da tsakar gida ya fito da tabarma ya kwana. Wanda ba shi da ita fa, da jariri da tsohuwa a ɗaki mai rufin kwano? Likitoci sun sha gargaɗi cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga yana taimaka wa yaɗuwar sanƙarau a lokacin zafi, kuma waɗanda suka ga annobar shekarar 1996, wadda ta kashe dubban mutane a Arewa, ba sa buƙatar a tuna musu. Ashe fili da inuwa magana ce ta lafiya, kafin ta zama ta jin daɗi.

Abin da ya sa na ce wannan nauyi na mai gida ne, shi ne ɗan haya ba shi da ikon yin sa. Yana iya sayen kujera, amma ba ya iya matsar da bango. Ba zai gina dakali a gidan da ba nasa ba, kuma da wuya ya dasa bishiyar da za ta ba da inuwa bayan shekara biyar alhali bai san ko zai kai baɗi a gidan ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ake ɗauka a tafi da shi na ɗan haya ne, abin da ke zama tare da gidan na mai gida ne. Kuma ba abu ne mai tsada ba. Dakalin bulo da siminti ba ya karyewa, ba a ba da aronsa, ɓarawo ba ya ɗauka. Rumfar kwano a gefen tsakar gida aikin yini biyu ne ga mai walda. Ita kuwa darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro wasu kuma maina, baƙuwa ce daga Indiya da aka fara dasawa a Lardin Barno a shekarar 1928, amma ta zama 'yar gida saboda jure fari, ba ta neman komai sai ban ruwa na shekarar farko da kariya daga awaki.

Na san masu gidaje suna da nasu uzurin, kuma bai dace a yi watsi da shi ba. Wasu na cewa dakali yana tara zauna-gari-banza, ya zama majalisar gulma da kallon matan mutane, wani lokaci ma matattarar masu shaye-shaye. Wasu na kawo batun tsaro, musamman tun bayan hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin da kowa ya ɗaga katanga ya daina son ganin baƙuwar fuska a ƙofarsa. Wannan gaskiya ne, kuma mata da yawa za su ba da shaida a kan wuyar wucewa ta gaban majalisa. Addininmu ma ya yi gargaɗi game da zama a bakin hanya, ya kuma gindaya wa wanda ya ga dole ya zauna sharuɗɗa, daga runtse ido da kame cuta da amsa sallama zuwa horo da kyakkyawa da hani da mummuna. Sai dai maganin wannan yana wurin zaɓen inda za a gina. A sa dakalin daga cikin get, ko a fitar da ɗan soro tsakanin ƙofa da tsakar gida kamar yadda kakanninmu suka yi, inda namiji baƙo zai tsaya ba tare da ya ga cikin gida ba. Haka nan wanda ya gina dakali a kan kwata ko ya ci hanya da shi, hukuma tana da gaskiya idan ta rushe. Masu tsoron saiwar bishiya ta fasa musu gini kuma, sai su dasa ta nesa da bango.

Akwai inda hukuncin ya bambanta. Gidajen da ake bayarwa na kwana biyu ko mako guda da komai a ciki, waɗanda suka yawaita a Abuja suka kuma fara shigowa Kaduna da Kano, su masauki ne, kuɗin kujerar yana cikin abin da baƙo ya biya, kuma akwai mai kula da wurin kullum. A nan dillalin yayana ya ga laima, bai lura cewa kasuwar daban ce ba. Haka kuma duk mai gidan da ya ga dama ya sa kujeru don kyautatawa ko don jawo masu haya, babu mai hana shi. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta: nawa ne, a wane hali suke, wa zai gyara, wa zai biya in sun ɓata. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma mu sai mu ƙulla yarjejeniyar shekara da fatar baki, wai don kada a ce ba mu yarda da juna ba.

Ina kuma kira ga hukumomin tsara birane na jihohinmu da su riƙa duba wannan kafin su sa hannu a kan zanen gidan haya, su kuma bi sawu bayan an gama gini, domin yawancin ɓarnar bayan an karɓi izini ake yin ta. Majalisun dokoki ma suna da rawar takawa. Jihar Legas ta yi dokar haya a shekarar 2011 wadda ta taƙaita yawan kuɗin da mai gida zai nema a gaba ɗaya, wanda ke nuna cewa jiha tana iya shiga tsakanin mai gida da ɗan haya in ta so. Idan namu 'yan majalisar suka tashi yin irin wannan, ya kamata su sa a ciki cewa mai gida ba shi da ikon cinye tsakar gida ko sare bishiya a tsakiyar wa'adin haya ba tare da yardar mazauna ba. Su kuma 'yan haya, musamman mu ma'aikata da muke iya karanta takarda, mu daina ƙirga ɗakuna da tayil kawai. Mu tambaya: ina iyalina za su sha iska, ina zan ajiye baƙona, ina za a zauna ranar suna ko ranar makoki?

Da na koma wurin yayana na zayyana masa duk wannan, sai ya yi shiru, can ya ce, "Wato dai kuɗin laima za ka sa in kai wa magini." Na ce, "Haka ne Yaya, amma sau ɗaya za ka biya." Ya gina dakali daga cikin get, ya kafa rumfa a ɓangaren da mata za su yi girki, ya dasa darbejiya biyu ya kewaye su da bulo. Dillali bai ji daɗi ba, ya ce gidan ya koma kamar na ƙauye. Ranar Juma'ar da ta wuce na bi ta wurin, na tarar da mutum na farko ya tare, mahaifinsa da ya zo daga gida yana zaune a kan dakalin da buta a gefensa, jikokinsa suna zuba wa dashen ruwa.

Allah Ya ba masu gida tausayin 'yan haya, Ya ba 'yan haya riƙon amanar masu gida, Ya kuma mallaka wa kowa nasa muhallin, amin.